Sunayen Aro

A ɗakin ƙasa na gidanmu a Duluth,
inda injin ɗumama gida ke tari har asuba,
ni da yayata Dolores muka shekara bakwai
muna koya wa kwamfuta wasan besbol.
Ita ke da lissafi, ni ke da taurin kai.
Jagoranmu littafin Baba ne,
wanda ya cika da fensir, kunnensa a jikin rediyo,
kowane jifa, kowane bugu,
har ranar da ruwan sama ya tashi wasa
ya rubuta a gefe: an cuce mu.

Mutum dubu biyu da ɗari huɗu suka saya,
dala goma sha tara kowanne.
Ba mu yi arziki ba, mun dai canja tayoyin mota.

Sai ga ambulan ran wata Talata,
takardar ta fi rigar sanyina kauri.
Lauyoyi uku suka sa hannu
a kan abin da baki ɗaya zai iya faɗa:
sunayen 'yan wasa suna da mai su,
tambarin hula yana da mai shi.
In muna so, ga kuɗin lasisi.
Dolores ta bi sifilan da yatsa,
ta dawo ta sake bi,
ta ce, Lyle, ko gidan nan muka sayar
da mu a ciki, bai kai ba.

Na ce, sunan da Baba ya yi ta kira a kan tebur,
da shi yake mini faɗa, da shi yake lallashina,
yaushe ya zama haja a kanti?
Ta ce, mai sunan fa gwiwoyinsa ya bayar,
shekara goma sha biyu a tsugune yana cafe ƙwallo.
In sunansa na haifar kuɗi, a ba shi nasa.
Na ce, shi za a ba, ko masu ambulan?
Ta yi shiru.
Ni ma ban san amsar ba.

Cikin dare ɗaya muka goge suna ɗari takwas.
Alƙaluma suka tsaya tsirara a fili,
gwanaye duka, babu wanda za a kira ya waiwayo.

Da safe Dolores ta ɗauki littafi muka bi layi,
ƙofa bayan ƙofa, cikin ƙanƙara.
Wannan karon izini muka fara nema.
Arvid Koskela mai gyaran famfo
ya ce farashinsa kofi ɗaya, ban da sukari.
Ya zama maijifan da ya gagari kowa.
Marge mai kai wasiƙu ta ba da sunan mijinta marigayi,
ta ce bai taɓa gudu ba a rayuwarsa,
mu sa shi ya yi gudu.
Mun sa shi. Yanzu Chester ba ya kamuwa.

Ciniki ya ragu, ba zan ɓoye ba.
Wasu sun nemi a mayar musu da kuɗinsu,
mun mayar.

Amma wani tsoho daga Nebraska ya rubuto,
rubutunsa na rawa:
Koskelan nan naku na gane shi.
In wasa ya yi zafi hannunsa kan yi sanyi a gaban bahago,
haka ya yi a gabana ina ɗan shekara tara.
Ku kira shi yadda kuka ga dama.

Dolores ta manna wasiƙar a bango,
a kan ta lauyoyin, da ƙusa ɗaya.
Duk Asabar Arvid kan sauko matakala,
hannunsa baƙi da tsatsar bututu,
ya tambayi mutum nawa ya kora a makon nan.
In na ce biyar, sai ya ɓata rai
ya ce kafaɗarsa ce ke damunsa.